Tutocin Ado na 1 ga Oktoba: Awo, Yadi, da Yadda Fari Zai Zauna Fari

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ranar 1 ga Oktoba ta gabato, ina so in haɗa jerin ƙananan tutocin Najeriya a igiya don barandar gida, tsawonta zai kai yadi 8. Akwai keken ɗinki na ƙafa. Tambayata uku ce: yadi nawa zan saya, wane iri, kuma yaya ake yi kada koren ya ɓata farin? Masu sana'a a taimaka.

Malam Habu Tela: Wa alaikumus salam Hajiya. A fara da awo tukuna kafin a tafi kasuwa, don a nan yawancin tutocin gida suke lalacewa. Tsawon tutar Najeriya ninki biyu ne na tsayinta, kuma an raba tsawon gida uku daidai wa daida: kore, fari, kore, duk a tsaye. Saboda haka ki zaɓi tsawon da zai rabu uku ba tare da ɓurɓushi ba. Na igiya, inci 6 a tsaye da inci 12 a kwance ya fi dacewa, kowane launi ya tashi inci 4 ke nan.

Kada ki yanka kowace tuta daban. Wahala ce, kuma ba za su fito kai ɗaya ba. Ki yanka dogayen ƙyallaye daga wannan bakin yadin zuwa wancan. Kore guda biyu, faɗin kowanne inci 5 da rabi. Fari guda ɗaya, faɗinsa inci 5. Lissafin shi ne: farin yana ba da rabin inci ga ɗinki ta dama da ta hagu, sai 4 ta rage. Koren yana ba da rabin inci ga ɗinki, inci 1 kuma ga kalmasa, shi ma 4 ta rage. Ki haɗa ukun nan su zama doguwar tuta guda, ki kalmashe gefen korayen biyu tun tana doguwa, rabin inci sau biyu. Sannan ki kwantar da ita a tebur, ki sa alli duk bayan inci 8, ki yanka. Kowane yanki tuta ce. Ƙasanta a kalmashe rabin inci sau biyu. Samanta a naɗe kwata ɗaya, a sake naɗe kwata uku, a ɗinke, ya zama hanyar igiya. Takwas a cire biyu, shida ta tsaya.

Idan faɗin yadin inci 45 ne, kowane haɗi zai ba ki tuta 5. Yadi 1 na kore yana fitar da ƙyalle 6, wato haɗi uku, tuta 15. Farin inci 15 kawai zai ci, rabin yadi ya wadatar. Tuta 15 da tazarar inci 4 a tsakani inci 236 ne, a ƙara inci 24 a kowane ƙarshe don ɗauri, ya zama 284. Yadi 8 kuwa inci 288 ne. Kin ga barandarki ta cika.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri Malam. To idan na samu mai faɗin 60 fa?

Malam Habu Tela: Amin. Tuta 7 a kowane haɗi, 21 gaba ɗaya daga yadi ɗayan nan. Amma ki auna da tef ɗinki a gaban mai kanti, kuma ki cire bakin yadin mai tauri daga lissafi, don shi ba ya shiga ɗinki. Idan aka bar shi, bayan wanki yakan ja ya takure tutar ƙarshe.

Hajiya Lami: Malam Habu ya gama da awo, bari in ɗauki maganar yadi. Ni auduga nake ba da shawara, irin mara kauri da ake ɗinka rigar 'yan makaranta. Tana kwanciya a guga, kalmasa tana zama inda aka ajiye ta, ba ta zamewa a ƙarƙashin allura. Sharaɗi ɗaya ne, kuma ba a ɗaga ƙafa a kansa: a wanke kafin almakashi ya taɓa ta. Kore a bokitinsa, fari a nasa. Auduga tana shiga idan ta sha ruwan farko, kuma kore da fari ba lallai su shiga daidai ba tunda ba lallai saƙarsu ɗaya ba. Idan an ɗinka kafin wanki, ranar da ruwa ya taɓa tutar sai ɗinkin ya tattare kamar bakin jaka.

Ga gwajin zuba, kuma a yi shi kafin a yanka komai. A yanki ƙyallen kore kamar faɗin tafin hannu, a jiƙa shi da ruwan ɗumi, a matse, a sa shi tsakanin farin ƙyalle biyu, a ɗora dutsen guga a danna har ya bushe. A buɗe a duba a hasken rana, ba a hasken ƙwai ba. Idan farin ya ɗauki ko da inuwar kore ce, yadin yana zuba. Sai a yi ta wanke shi da sabulu ana sauya ruwa har ruwan ɗauraya ya fito garau, a sake gwajin. Idan an wanke sau huɗu yana nan yana zuba, a haƙura da shi, a yi wani abin da shi. Araha ba ta ado.

Sadiya Gwammaja: Anti Lami, ba a jiƙa shi da ruwan gishiri ba? Haka ake cewa yana kama launi.

Baba Marini: 'Yata, wannan maganar ta yaɗu amma ba haka take ba. Gishiri yana da aiki a lokacin rini, a cikin tukunya, yana tura launin ya shiga zaren auduga. Yadin da ya riga ya fito daga masaƙa kuwa, abin da yake zubarwa rarar launi ce da ba ta kama zare ba tun farko, aka kuma ƙi ɗauraye ta sosai. Gishiri ba zai ɗaure ta ba. Abin da mutane suke gani su ce gishiri ya yi aiki, jiƙon ne da ɗaurayar suka fitar da rarar. Ruwa zalla ma zai yi hakan. Maganar Hajiya Lami ita ce daidai, wanki ne maganinsa. Abin da zan ƙara: kada a bar jiƙaƙƙen kore a dunƙule da fari ko na awa ɗaya ne. Launi yana ƙaura ne a lokacin da ƙyalle biyu suke manne da juna cikin laima. Tutar da ruwa ya doka aka bar ta a miƙe a igiya ta bushe ta fi wadda aka sauke aka tara a kwando tsira.

Usman Kwari: A gafarce ni Hajiya, ni ban goyi bayan auduga ba idan a waje za a rataya. Farkon Oktoba damina ba ta gama ɗaukewa ba, ruwan ƙarshe kuma da iska yake zuwa. Auduga idan ta jiƙe tana nauyi, igiya ta sunkuyo, ga jinkirin bushewa. Yadi mai roba ba ya shan ruwa sosai, ba ya shiga, launinsa ba kasafai yake zuba a ruwan sanyi ba. Shi ya sa tutocin da ake sayarwa na kafawa a sanda kusan duk na roba ne. Wanda bai iya bambancewa da ido ba, ya zare 'yan zaruruwa daga gefe ya kusantar da ashana. Auduga tana ci da wuta, warinta kamar na takarda, ta bar toka mai laushi. Roba tana narkewa ta dunƙule ta zama ɗan ƙwallo mai tauri.

Hajiya Lami: Gaskiyarka ta fuskar ruwa, Alhaji Usman. Amma ka faɗa mata sauran. Mai roba yana santsi, wadda hannunta bai saba ba layin ɗinkinta zai karkace, kuma a tuta karkacewar rabin inci ana hango ta daga ƙofar gida. Ga shi ba ya riƙe karin guga, kalmasar kwata ɗaya sai ta yi ta warwarewa. Dutsen guga na gawayi kuwa ba a iya rage masa zafi, taɓawa ɗaya ya bar sheƙi ko ya huda. Baranda mai rufi ta ce, ba fili ba.

Usman Kwari: Na yarda, idan ƙarƙashin rufi ne auduga ta isa. Abin da dai ba zan yarda da shi ba shi ne a gauraya, kore na roba fari na auduga, don kawai shi aka samu a gida. Ɗaya zai shiga ɗaya ya tsaya, farin ya ja korayen su yi ciki. Duk abin da aka zaɓa, launi biyun su zama iri ɗaya, kauri ɗaya. Wadda ta ɗauki roba ta sa fil duk bayan inci 3 kafin ta hau keke, ta kuma shimfiɗa ƙyallen auduga mai ɗan laima a kai kafin ta goge.

Sai maganar koren kansa. A kasuwa kore ya fi kala goma. Na tuta cikakken kore ne mai ɗan duhu, kamar ganyen mangwaro da ya ƙosa. Ba ruwan ganyen da ya toho jiya ba mai ɗaukar rawaya, ba kuma na kakin soja ba. A fito da bandir ɗin bakin rumfa a gani a rana. Kuma a yanka duka daga bandir guda, don bandir biyu masu suna ɗaya sukan bambanta, sai an jera su a igiya bambancin yake fitowa.

Malam Habu Tela: Tunda an zo kan ɗinki, ga abin da ke raba aikin gwani da na koyo. Bayan an haɗa kore da fari, rarar ɗinkin da ke baya a kwantar da ita ɓangaren kore, kada a kwantar ɓangaren fari. Farin yadi yana nuna abin da ke bayansa, idan rarar kore ta kwanta a ƙarƙashinsa za a ga wani duhun layi daga gaba, musamman in rana ta hasko ta baya. Don kada zare ya riƙa tsiyaya, a rage rarar koren da almakashi ta koma kwata ɗaya, a naɗo rarar farin ta rufe ta, a bi da ɗinki a kwance, irin wanda ake yi a gefen wandon jins. A wannan layin zaren sama fari, zaren ƙasa kore. Tunda ta baya ake ɗinkawa, farin zare zai hau farin ƙyalle, koren zare ya fito ta gaba a kan kore, babu wanda zai gan shi.

Allura mai lamba 14 ta yi wa irin wannan yadin. Tsofaffin kekunan nan baƙaƙe suna da ɗan hannu a dama mai lambobi, a ajiye shi wajen 10 ko 12, wato yawan ɗinki a inci guda. Idan an matse shi ya yi ƙanana sosai, yadi mara kauri yana tattarewa. Layi na farko a ɗinka daga sama zuwa ƙasa, na biyu ma haka, kada a juya. Kuma kada a ja ƙyallen ta baya, a bar haƙoran keke su tafi da shi.

Sadiya Gwammaja: Malam, to ai ta baya farin zai fi inci 4 ke nan, tunda ya hau kan kore.

Malam Habu Tela: Idonki ya gani, haka ne. Zai ƙaru da kamar kwata ɗaya ta kowane gefe. Idan jikin bango za a rataya, babu mai ganin bayan. Idan a tsakar gida ne inda ake wucewa ta ko'ina, ko dai a karɓi wannan ɗan bambancin, ko a yi fuska biyu: a haɗa tuta biyu gaba da gaba, a ɗinke kewaye, a bar kafa, a juyo, a goge. Yana da kyau ƙwarai amma yadin ya ninka, nauyi ma ya ninka, 15 ɗin nan sun koma 7. A ganina bai cancanci wahalar ba a ƙaramar tuta.

Inda babu dabara shi ne kalmasar sama da ta ƙasa, don ta ratsa launi ukun. Ko dai a tsaya a sauya zare sau biyu a kowace tuta, ko a zaɓi ɗaya. In za a zaɓa, a ɗauki fari. Farin zare a kan kore yana kama da ado. Koren zare a kan fari kuwa yana kama da datti, kuma idan zaren mai zuba ne, shi zai fara ɓata farin da aka sha wahalar karewa.

Aminu Ɗan Zariya: Tambaya. Zai yi kyau a liƙa tambarin ƙasa a tsakiyar farin, mai dawakai biyu da gaggafa? Ko a rubuta shekarun da aka cika da samun 'yanci?

Malam Nasiru: Ina ganin a bar farin yadda yake, Aminu. Michael Taiwo Akinkunmi, wanda ya zana tutar a 1959 yana ɗalibi a Landan, zanensa na asali yana da jar rana a tsakiyar farin. Alƙalan gasar suka cire ta, aka ɗaga tutar ranar 1 ga Oktoba 1960 babu komai a kai. Kore alamar noma da albarkar ƙasa, fari alamar zaman lafiya. Wato barin wurin nan wayam da gangan aka yi shi. Wanda yake son rubutu ya yanka kwali daban, ya rubuta abin da yake so, ya rataya shi a tsakiyar igiyar tsakanin tuta biyu. Kuma akwai dokar tuta da tambarin ƙasa da ta hana a nuna tutar tana yage ko a ɓace. Ba don tsoron hukunci ba ma, tutar da ta koɗe ta yi zare-zare a ƙofar gida ba girmamawa ba ce. Idan an gama biki a sauke.

Wani kuskuren da ake yawan yi: a rataya tutar ta gajeren gefenta, ta zubo ƙasa. Da an yi haka layukan sun kwanta, ba tutar Najeriya ba ce kuma a ido. Yadda Malam Habu ya tsara, igiya ta bi dogon gefe, shi ne daidai.

Anti Rabi: Ga waɗanda ba su da keke, ko masu son yara su yi da hannunsu, ga ta takarda mai sanda. Awon 6 da 12 ne shi ma, amma a santimita. A yanka farar takarda mai ɗan kauri, faɗi santimita 6, tsawo 25. Takardar A4 guda tana ba da uku idan an yanka ta tsawonta. A sa alama da fensir daga hagu: 4, 4, 9, 4, 4. Na farko kore, na biyu fari, 9 ɗin tsakiya kore, sai fari, sai kore. Dalilin 9 shi ne 4 na gaba, 4 na baya, 1 kuma shi zai zagaye sandar. A yanko koriyar takarda daidai awon korayen a liƙa, a shafa gam a bayan takardar gaba ɗaya, a ɗora tsinken tsire a tsakiya, a ninke baki ya haɗu da baki. Ta fito fuska biyu. Tsinin tsinken a datse shi tun kafin a miƙa wa yaro, kuma babba ne zai yi wannan. Sillen kara ma yana yi, amma ya fi kauri, sai a naɗa takarda a jikinsa a auna, a ƙara abin da ya ci a kan 8 ɗin.

Fari shi ne ƙasa, kore a sama. Idan aka juya, aka liƙa fari a kan kore, da gam ya jiƙa shi koren zai leƙo. Kuma a guji takardar ado mai tattara ɗin nan mai laushi, ɗigon ruwa ɗaya launinta ya malale.

Maman Ilham: Anti, wane gam? Takarda tana yin kumburi idan an shafa mata.

Anti Rabi: Ruwan da ke cikin gam ne yake kumbura takardar, ɓangaren da ya jiƙe ya miƙe, busasshen ya tsaya, sai ta lanƙwashe. Maganin abu uku ne. A shafa kaɗan, da guntun kwali a baje shi har ya zama kamar an shafa mai, ba a ga farinsa. A shafa ko'ina daidai, kada a ɗiga a kusurwa huɗu kawai. Sannan a sa tutar tsakanin leda biyu, sandar ta leƙo waje, a danne da littafi mai nauyi ta kwana. Farin gam na kafintoci, irin su Top Bond, shi ya fi. Idan babu, ƙaro yana yi: a daka, a jiƙa awo ɗaya da ruwa awo biyu ya kwana, a tace da ƙyalle. Sitati ma yana yi: babban cokali 1 a dama da ruwan sanyi cokali 2, a sheƙa tafasasshen ruwa rabin kofi ana juyawa har ya yi kauri ya washe kamar koko, a bari ya huce. Sai dai sitati abinci ne, kyankyasai da tururuwa suna binsa. Na kwana biyu ne, ba na ajiya ba.

Issa na Maraɗi: Sannunku da aiki. Bari in sa baki don 'yan uwa na Nijar, tunda mu ma muna da 3 ga Agusta, ranar da muka samu 'yanci, da 18 ga Disamba, ranar Jamhuriya. Dabarar Malam Habu tana yi mana, amma da gyara, don layukanmu a kwance suke: ruwan lemo a sama, fari a tsakiya, kore a ƙasa, da da'ira ruwan lemo a tsakiyar farin. Tutarmu kuma ba ta kai taku tsawo ba. Awon da aka fi ambata shi ne 6 da 7, ko da yake a kasuwa ana ganin masu 2 da 3. Ƙarama mai santimita 18 a tsaye da 21 a kwance, kowane launi 6. A yanka ruwan lemo faɗin 10, fari 8, kore 9, da rarar ɗinki santimita 1. A haɗa, a yanka duk bayan 25. Bambancin shi ne mu sai an yanka sannan ake kalmashe gefe da gefe, 1 sau biyu. Daga nan a yi ƙasa, 1 sau biyu, hanyar igiya ta zo ƙarshe, a naɗe 1 a sake naɗe 2. Idan aka riga aka ɗinka hanyar igiya kafin gefe, kalmasar za ta toshe bakinta.

Da'irar ita ce wahalar. Ƙyalle idan an yanka shi a kewaye zarensa yana tsiyaya ta ko'ina, kuma yana miƙewa ya zama kamar ƙwai. Kafin a yanka, a liƙa masa farin ƙyallen nan mai gam da teloli ke sa wa wuyan riga da guga. Sai a nemi murfin kwalba mai faɗin santimita 4 da rabi a zana, a yanka. Neman tsakiya kuwa, a ninke tutar biyu a tsaye, a sake ninkewa a kwance, a danna da farce, inda karin ya gicciye nan ne. A yi da'ira biyu, gaba da baya, a daidaita su a hasken taga kafin a ɗinke, in ba haka ba inuwar ɗaya za ta leƙo gefen ɗaya. Kuma a kula da jeri. Launukan nan uku idan aka tsayar da su, ruwan lemo wajen sanda, tutar Kodibuwa ce.

Baba Marini: Malam Issa, ku naku na Disamba ƙura ce abokiyar gaba, ba ruwa ba. Kada a sa wa tutar hunturu sitati da nufin ta tsaya kyam, ƙura tana manne masa, farin ya koma ja cikin kwana uku. A kakkaɓe ta da yamma kawai.

Ɗanladi Mai Fenti: Wanda yake son abin da zai shekara yana amfani, ya yi a katako. Falle mara kauri, santimita 30 da 60, kowane launi 20. A goge da sanfefa a share garin. A shafe fuskar gaba ɗaya da farin fenti sau biyu, a bar na farko ya bushe kafin na biyu. Fentin ruwa awa biyu zuwa uku ya isa, fentin mai sai ya kwana. A auna 20 da 40 a sama, a auna a ƙasa, a ja layi da fensir. A manna tef ɗin takarda a cikin ɓangaren farin, bakinsa a kan layin, a bi shi da bayan cokali a danne.

Ga sirrin layi mai kaifi. Kafin a taɓa kore, a ɗauki farin fentin nan a shafa siriri a bakin tef ɗin ta inda kore zai zo, a bari ya bushe. Duk wata kafa da ke ƙarƙashin tef farin zai shiga ya toshe ta, kuma fari a kan fari ba ya nunawa. Sannan a shafa kore, burushi yana tashi daga kan tef yana fita, ba yana tunkarar bakinsa ba. A cire tef bayan shafa ta ƙarshe tun fentin bai gama bushewa ba, a hankali, ana ja baya. Idan aka bari ya bushe ƙarau, tef zai ɓamɓaro gefen koren. Fentin ruwa a ƙasa, na mai a sama, yana zama. Na mai a ƙasa, na ruwa a sama, ɓarewa zai yi. Bayan katakon ma a shafa masa hannu ɗaya, don idan fuska ɗaya ce kawai a rufe, ɗayar tana shan laima sai fallen ya bankare.

Maman Ilham: Madalla, Allah ya ƙara basira. Na tsaya a kan auduga. Saura igiya: wace iri, kuma yaya zan hana tutocin taruwa wuri ɗaya idan iska ta kaɗa?

Malam Habu Tela: Igiyar roba siririya irin ta shanya, wadda kaurinta bai wuce na fensir ba, don hanyar da muka bari kwata uku ce, ɗinki kuma ya ci wani abu a ciki. Ki ƙona bakinta kaɗan da ashana kada ta warware, ki soka mata babban fil mai kullewa, ki riƙa tura shi ta cikin hanyar kina tattaro ƙyallen. Idan duka sun shiga, ki miƙe igiyar a ƙasa a kan tabarma, ki bar inci 24 a farko, ki yanka kwali mai tsawon inci 4 ya zama ma'aunin tazara. Kowace tuta ki kafe ta da allurar hannu a kusurwarta biyu na sama, ɗinki uku-uku, allurar ta ratsa ta cikin igiyar kanta, ba ta gefenta ba. Idan kusurwa ɗaya kawai aka kafe, iska za ta tattaro ɗayar ta dawo.

Yadi 8 ya yi wa ƙusa biyu yawa, tsakiya zai sunkuyo komai jan da aka yi. Ki sa ƙusa huɗu: biyu a ƙarshe, biyu a tsakani, bayan tuta ta 5 da bayan ta 10, a cikin tazarar, kada ƙusa ta taɓa ƙyalle don tsatsa tana kama fari. A nisanta daga wayar lantarki da fanka da inda hayaƙin murhu yake bi. Tsayin kuma ya wuce kan mai wucewa da kamar taƙi ɗaya, saboda mai ɗauke da tulu ko tire.